Ƙarin wufa ko ƙarin wat: ina kuɗin mai mota ya fi amfani?

Duk wanda yake zama a shagunan kayan sauti na sanaiyyar Jidda ko ta Makka, wato unguwar masu gyaran mota, ya san tambayar, domin ita ake kawowa kullum: "Mu'allim, bes ɗina ya yi kaɗan, in ƙara wufa ta biyu ne ko in canza jihaz?" Wufa ita ce babbar sifikar da take fitar da bes, wato sauti mai kauri. Jihaz shi ne amfilifaya, na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi, a bakin mutanen nan, kamar yadda suke ce wa altaneta dinamo, but ɗin mota kuma shanɗa. Amsarmu a mafi yawan motocin da 'yan'uwa suke hawa ita ce faɗin faifan sifika ya fi wat arha, kuma ya fi shi jure zafin ƙasar nan. Sai dai akwai sharaɗi biyu da idan ba su cika ba wufa ta biyu asarar kuɗi ce: om, wato ma'aunin turjiyar da wufa take yi wa wuta, da akwati. Su ne za mu fi daɗewa a kai.

A fara da ma'aunin da kunne yake aiki da shi. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, kuma lissafinsa ba ya tafiya yadda ɗan kasuwa yake so. Idan ka ninka wat sau biyu, daga 500 zuwa 1000, desibel 3 kacal ka ƙara. Ana jin wannan bambanci, amma ba ya sa mutum ya waiwaya. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka ana buƙatar kusan desibel 10, wato wat sau goma, ko da yake a can ƙasa wajen bes mai nauyi kunne ya fi saurin jin ƙari. To haka nan idan ka bar wat ɗinka yadda yake, ka raba shi ga wufa biyu iri ɗaya da suke kusa da juna, nan ma kusan desibel 3 za ka samu, saboda faifai biyu suna tura iska tare kamar faifai ɗaya babba. Idan ka ninka duka biyun, wufa da wat, ka samu desibel 6.

Ke nan a takarda hanyoyin biyu kunnen doki suka yi. A cikin mota ba haka abin yake ba.

Dalili na farko zafi ne. Cikin kowace wufa akwai koyil, siririyar waya da aka naɗa a bututu tana kai da komo a cikin maganaɗisu. Kusan duk wutar da amfilifaya yake turawa zafi take komawa a wannan koyil, abin da yake zama sauti ɗan kaɗan ne ƙwarai. Jan ƙarfe kuwa idan ya yi zafi yana ƙara turjiya ga wuta, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Koyil da ya tashi daga digiri 20 zuwa 150 turjiyarsa ta ƙaru da kusan rabi, mai om 4 ya koma kamar mai om 6. Wutar da take ratsa shi ta ragu, sauti ya sauka da fiye da desibel 3. Lura da wannan adadi da kyau, shi ne daidai abin da ka biya kuɗin sabon amfilifaya don ka samu. Wannan ne ya sa mota take fita daga Jidda da bes mai girgiza madubi, kafin a kai shingen Shumaisi a hanyar Makka sautin ya yi laushi, mai motar ya ƙara murɗawa, koyil ya ƙara zafi. Idan wufa biyu suka raba wat 1000, kowace tana ɗauke da 500, kowane koyil yana da nasa maganaɗisu da nasa ƙarfen da zai sauke masa zafi, don haka sautin da aka fara da shi yana daɗewa. A ƙasar da shanɗar motar da aka ajiye a rana take wuce digiri 60 tun kafin a kunna komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili na biyu shi ne tafiyar faifai. Bes iska ce ake turawa, kuma yawan iskar da wufa za ta iya turawa shi ne faɗin faifanta sau nisan da yake iya tafiya gaba ba tare da sauti ya lalace ba. Wannan nisa shi ake rubutawa Xmax a takardar wufa. Faifan inci 10 yana da faɗin kusan santimita murabba'i 340, na inci 12 kusan 500, na inci 15 kusan 850. Wufa mai inci 12 da take tafiyar milimita 12 tana tura iska santimita kubik 600 a bugu ɗaya. Idan ta kai iyakar nan, ko wat dubu biyar ka ba ta ba za ta ƙara bes mai tsabta ba, sai dai ka ji tana "ƙwas-ƙwas", koyil yana dukan gindin maganaɗisu. Biyu kuwa kowace rabin tafiyar take yi su ba da sautin da ɗaya take bayarwa a iyakarta, kuma faifan da yake tafiya kaɗan sautinsa ya fi tsabta.

Wannan lissafin yana da wata fuskar da ya kamata a faɗa. Wufa biyu masu arha da kowace take tafiyar milimita 6 iskar da za su tura ita ce ta guda ɗaya mai kyau da take tafiyar milimita 12. Saboda haka ƙidayar wufa kaɗai ba ta gaya maka komai. Mai inci 15 guda ɗaya ta fi inci 10 guda biyu faɗi, kuma ba ta yi nisa da inci 12 guda biyu ba. Wanda yake da wurin da zai ɗauki faɗinta, sau da yawa ita ce hanya mafi sauƙi: akwati ɗaya, haɗin waya ɗaya.

Dalili na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne wutar motar kanta. Amfilifaya ba ya ƙirƙirar wuta, daga dinamo yake ja. Mai aji D, wanda shi ne aka fi sa wa wufa yanzu, yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ya ja zuwa ga sifika, mai aji AB kuwa tsakanin kashi 50 da 65, saura zafi. Don amfilifaya mai aji D ya ba da wat 1000 cikakku a bolt 13.8, sai ya ja kusan amfiya 90. Dinamon ƙananan motoci irin su Accent, Yaris da Corolla yawanci tsakanin amfiya 80 da 120 yake, kuma adadin yana rubuce a jikinsa, a duba. Daga ciki motar tana cin nata: mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, da fankarsa, fankokin lagireto da ba sa hutawa a nan, fitilu, famfon mai, kwamfutar inji. Abin da yake saura bai fi amfiya 30 zuwa 50 ba, kuma wannan idan inji yana gudu ne. A tsaye a danja, ko cikin cunkoson titin Madina da yamma, dinamo ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, idan ya yi zafi kuma yana ƙara raguwa.

Abin da yake ceton mutane shi ne kiɗa ba ya jan cikakken wat a kowane daƙiƙa, bugu ne da hutu, a matsakaici yakan ci kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Shi ya sa ƙaramar mota mai lafiyayyen batir take iya ɗaukar wat 500 zuwa 800 ba tare da an taɓa dinamo ba. Sama da 1000 kuwa sai an yi aikin wuta. Alamar tana bayyana da dare: duk bugun bes fitilun gaba su yi ƙifta, allurar inji ta ɗan sunkuya. Idan wuta ta faɗo daga bolt 14.4 zuwa 12, yawancin amfilifaya suna rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsu. Mai wat 1500 da yake shan wuta a bolt 12 bai wuce mai 1000 da kaɗan ba, ga shi yana cinye batir, batir kuwa dama ba ya daɗewa a zafin Saudiyya. Wufa ta biyu ba ta neman ko amfiya ɗaya daga dinamo matuƙar wat ɗin bai canza ba.

Akwai masu sayar da kafasita, na'urar da take ajiye 'yar wuta ta sake ta nan take, a matsayin maganin wannan. Mai farad ɗaya, tsakanin bolt 14.4 da 12, wutar da zai iya saki ba ta wuce jul 32 ba, wadda amfilifaya mai wat 1000 zai shanye cikin kashi uku cikin ɗari na daƙiƙa. Yana iya rage ƙiftawar fitila, amma ba ya ƙara wa dinamo komai. Kuɗinsa gara a sa a waya.

Yanzu sharaɗin farko, om. A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne ya kamata mutum ya zauna da biro kafin ya fito da riyal ɗaya.

Amfilifaya yana ba da wat daban-daban gwargwadon om ɗin da aka ɗora masa, kuma yana da iyakar da ba ya sauka ƙasa da ita. Ɗauki wanda takardarsa ta ce wat 300 a om 4, wat 500 a om 2, kuma ba ya ɗaukar om 1. Haɗin wufa iri biyu ne. Akwai haɗin tagwaye, ja da ja, baƙi da baƙi, wanda yake raba om biyu: 4 da 4 su koma 2. Akwai haɗin sarƙa, baƙin wannan ya shiga jan wancan, wanda yake tara om: 4 da 4 su zama 8.

Mutum na farko yana da wufa mai koyil ɗaya, om 4, a kan wannan amfilifaya. Wat 300 yake samu. Ya sayo irinta, aka yi haɗin tagwaye, om ya koma 2, amfilifaya ya saki 500. Ya samu desibel 3 daga faɗin faifai, da kusan 2 daga ƙarin wat, jimla kusan 5, bai canza amfilifaya ba. Wannan shi ne ciniki mafi riba a harkar nan gaba ɗaya.

Mutum na biyu yana da wufa mai koyil biyu, kowane om 4, an haɗa su tagwaye sun ba da om 2, yana shan 500 ɗinsa cikakku. Shi ma ya sayo irinta. Yanzu koyil huɗu ke gare shi, kuma haɗin da zai yi amfani om 1 ne ko om 4. Om 1 amfilifayarsa ba ya ɗauka: zai yi zafi, jar fitila ta kama, ya ɗauke, idan aka nace ya ƙone. Om 4 kuwa ya mayar da shi wat 300. Ya samu desibel 3 daga faifai, ya rasa fiye da 2 daga wat, ribarsa ba ta kai desibel ɗaya ba, ga kuɗin wufa, ga na sabon akwati, ga shanɗa ta cika. Wannan mutumin ko dai ya haɗa da amfilifaya mai ɗaukar om 1, ko ya haƙura da ɗayar da yake da ita.

Ƙa'idar a taƙaice: mai koyil biyu na om 4 ita kaɗai tana ba da 2 ko 8, guda biyu suna ba da 1 ko 4. Mai koyil biyu na om 2 ita kaɗai tana ba da 1 ko 4, guda biyu suna ba da 2, ko rabin om wanda amfilifaya kaɗan ne suke jurewa. Uku masu koyil ɗaya na om 4 a haɗin tagwaye suna ba da 1.33. Wanda ya san zai ƙara wufa nan gaba, tun ranar sayen ta farko ya zaɓi koyil ɗin da zai dace da biyu. Kuma wanda yake amfani da amfilifaya mai layi biyu da aka gama su wuri ɗaya don wufa, ya sani yawancinsu ba sa sauka ƙasa da om 4 a wannan haɗin, domin kowane layi rabin om ɗin yake gani.

Wufa biyun su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Wanda ya haɗa sabuwa da wata da ya tsinto a haraj, kasuwar gwanjo, mai om daban, ɗaya za ta riƙa shan wuta fiye da ɗaya, ita ce za ta fara ƙonewa. A kuma tabbatar suna tafiya tare. Ɗauki ƙaramin batir na bolt 1.5, ka taɓa wayoyin akwatin da shi, ka zuba ido: faifan biyu su leƙo waje tare ko su shige tare. Idan ɗaya ya fito ɗaya ya shige, an juya waya, kuma bes ɗin zai kashe juna, biyun su kasa kai ɗaya.

Sharaɗi na biyu akwati. Wufa ba tare da akwatin da ya dace da ita ba rabin kaya ce. Tun aikin Neville Thiele na ƙasar Ostareliya a 1961, da wanda Richard Small ya ɗora a kai a farkon shekarun 1970, aka san yadda ake lissafa akwati daga sifofin sifika, kuma kamfanonin kirki suna rubuta girman da ya dace a takardar kowace wufa. Galibin masu inci 12 suna son rufaffen akwati mai lita 28 zuwa 35, ko mai hanci, wato mai kafar da iska take fita, na lita 50 zuwa 65. Guda biyu ninki biyu suke so, babu ragi. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida da ake jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da sauti mai yawa daga wat kaɗan, biyu kawai za ka iya samu cikin ukun. Wanda ya cusa inci 12 guda biyu a akwatin lita 40 ya matse iskar da take bayansu, faifan ya yi tauri, bes mai zurfi ya tafi, sai wani bugu mai kama da dukan kwali ya rage. Guda ɗaya a akwati mai hanci da aka lissafa da kyau za ta doke su.

Lita ɗin na ciki ake nufi. Akwatin katakon MDF mai kaurin milimita 18 da wajensa ya kai santimita 40 da 35 da 35, cikinsa 36.4 da 31.4 da 31.4 ne, wato kusan lita 36, a cire kusan lita 3 da jikin wufar yake cinyewa, saura 33. Masu yawa suna aunawa daga waje su yi zaton sun cika. Idan biyu ne a akwati ɗaya, a sa katanga a tsakani kowace ta samu ɗakinta, domin idan ɗaya ta mutu kada ɗayar ta tsinci kanta a ɗaki ninki biyu ta wuce iyakar tafiyarta. Katangar tana kuma ƙarfafa akwatin. A shafe duk mahaɗa da gam, ko ƙaramar kafa tana sa akwati ya riƙa fito.

Saboda haka motar ce take fara yanke hukunci. Camry ko Sonata shanɗarsu tana ɗaukar inci 12 guda biyu a rufaffen akwati, amma mai iyali da yake zuwa Madina da jakunkuna da jarkokin ruwa ya auna abin da zai rage masa, ya kuma tabbatar yana iya ciro tayar safaya ba sai an kwance akwati a gefen titi ba. A irin waɗannan motoci kujerar baya tana tare sauti, buɗe ramin da yake bayan matashin hannu yana ƙara bes ba da ko halala ɗaya ba. Hilux mai gida biyu ba shi da wuri sai ɗan sararin bayan kujera, a nan siririyar wufa mai inci 10 guda ɗaya da amfilifaya mai wat 300 zuwa 400 su ne daidai, kuma a irin wannan motar ce ƙarin wat yake zama hanya tilo. Land Cruiser, Tahoe da Yukon cikinsu a buɗe yake har baya, dinamonsu ma ya fi girma, su ne suke iya ɗaukar duka biyun. Kowace mota kuma tana taimaka wa bes da kanta idan gilasai suna rufe, domin ƙaramin ɗaki yana ƙara ƙarfin sauti mai zurfi, shi ya sa rufaffen akwati yake daɗi a cikin mota fiye da yadda yake a fili.

Sai maganar wane wat ake nufi. Kwalin da aka rubuta wa 3000 da manyan haruffa, wannan adadin na talla ne. Wanda ake aiki da shi shi ne RMS, ƙarfin da kaya yake iya bayarwa ko ɗauka a ci gaba. Amfilifaya da aka auna bisa ma'aunin CTA-2006 ana gwada shi a bolt 14.4 ba tare da gurɓatar sauti ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, adadinsa abin dogaro ne. Wanda ba shi da wannan, a dubi fiyus ɗin jikinsa. Fiyus biyu na amfiya 30 sun zama 60, sau bolt 13.8, sau 0.8, kusan wat 660. Ba zai ba da abin da ya wuce haka sosai ba, komai aka buga a kwali. A wajen wufa ma akwai irin wannan: adadin desibel da ake rubutawa na saurin amsawarta, wasu a wat ɗaya suke aunawa, wasu a bolt 2.83. A wufa mai om 4, bolt 2.83 wat biyu ne, adadin ya kumbura da desibel 3, a mai om 2 kuwa da 6.

Wajen daidaitawa, a tara RMS na duk wufofin, a nemi amfilifaya da yake ba da kusan wannan jimlar a om ɗin da haɗin ya bayar. Biyu masu 400 kowace, jimla 800: amfilifaya daga 600 zuwa 900 ya yi. A yanayin zafin nan mun fi son a tsaya a jimlar ko ƙasa da ita kaɗan.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa ƙaramin amfilifaya yana ƙona wufa. Ƙarancin wat ba ya ƙona komai, in da haka ne da duk wanda ya rage murya ya ƙona tasa. Abin da yake faruwa shi ne mai ƙaramin amfilifaya bai ƙoshi ba, sai ya murɗa maɓallin Gain har ƙarshe. Amfilifaya ya kai iyakar bolt ɗinsa, ya fara aske kan igiyar sautin, kuma igiyar da aka aske sosai tana iya ɗaukar wuta har kusan ninki biyu na mai tsabta. Mai wat 300 ya koma yana zuba kusan 600 na zafi a koyil, faifan kuma bai ƙara tafiyar da za ta hura masa iska ba. Farkon alamar wari ne, irin na fenti da ya ƙone, yana shigowa daga baya. Idan ka ɗora tafin hannu a tsakiyar faifan ka ji ya yi zafi, a kashe a bar shi ya huce. Idan ka danna faifan a hankali ka ji yana karce, koyil ya riga ya tafi.

Gain ba maɓallin ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita amfilifaya da abin da rediyon motar yake turowa, kuma ana saita shi da mitar auna bolt. A ninka wat da om, a nemi saiwar adadin, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, ita ce bolt ɗin da ake nema: wat 500 a om 2 bolt 31.6, wat 600 a om 2 bolt 34.6, wat 1000 a om 1 bolt 31.6. A cire wayar wufa daga amfilifaya, a mayar da duk saitin bes na rediyo sifili, a kashe Bass Boost, a tayar da inji, a sa sautin gwaji na 50 Hz, a kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. A sa mita a kan AC a bakin da wayar wufa take fita, a murɗa Gain daga ƙasa a hankali har adadin ya bayyana, a tsaya. Idan wufofin ba su kai ƙarfin amfilifaya ba, da RMS ɗinsu ake lissafin. Shi kuwa Bass Boost a bar shi a kashe: ƙarin desibel 6 a wurinsa yana neman wat ninki huɗu, 12 kuma ninki goma sha shida, babu amfilifayar da take da wannan rarar. Matatar LPF, wadda take hana siririn sauti shiga wufa, a sa ta wajen 80 Hz. Mai akwati mai hanci da aka saita a 34 Hz, misali, ya kunna matatar Subsonic, mai tare sautin da ya yi zurfi da yawa, wajen 28 zuwa 30, domin ƙasa da saitin hancin akwati ba ya riƙe faifai, sai ya yi ta lilo kamar babu akwati, ya yage ko da wat bai yi yawa ba.

Wanda duk da haka ya zaɓi hanyar wat, ko motarsa ta tilasta masa, aikin waya ne a gabansa. Lamba 8, kusan milimita murabba'i 8, ta ƙananan amfilifaya ce. Lamba 4, kusan 21, tana kai wa wajen wat 1000. Sama da haka sai lamba sifili, kusan 53. A nemi jan ƙarfe zalla, mai tambarin OFC. Mai tambarin CCA alminiyom ce da aka shafa wa jan ƙarfe, wutar da take ɗauka ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta gaskiya ba, kuma a danshin Jidda bakinta yana yin farin gari ya ruɓe. Ana gane ta da rashin nauyi, idan aka kankare silin da wuƙa kuma fari yake fitowa. Fiyus ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45, domin wayar yake karewa: idan ta goge a jikin ƙarfe babu fiyus, mota ce take kamawa da wuta. Wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli kafin a ɗaure. Daga wat 1000 a ƙara kaurin wayoyi uku na gaba: dinamo zuwa batir, batir zuwa bodi, inji zuwa bodi. Batir na biyu yana taimakawa idan ana jin kiɗa inji a kashe, amma da an tayar shi ma nauyi ne a kan dinamo. Amfilifaya kuma kada a ɗaure shi a jikin akwati inda girgiza take karya masa haɗin ciki, kada a binne shi ƙarƙashin kafet ko kaya, a bar masa aƙalla faɗin tafin hannu ta kowane gefe iska ta zaga.

Abu biyu da ba na lissafin wuta ba amma suna cikin aikin. Dokar ɗa'a a bainar jama'a da Saudiyya ta fara aiki da ita a 2019 ta sa tara a kan ƙure kiɗa a unguwannin zama da kunna shi lokacin salla, mai wufa biyu a shanɗa ya san ana jinsa daga nesa fiye da yadda yake zato. Sannan kunne: ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Direban da yake wuni a mota ya kula, haka ma mai ɗaukar yara a kujerar baya, domin yaran ne suka fi kusa da akwatin.

Tsarin da muke ba mai ƙaramar mota da yake farawa daga sifili shi ne: ya karanta lambar dinamo, ya auna shanɗa da tef ya fitar da litar da zai iya sadaukarwa, sannan ya zaɓi wufa. Idan litar ta kai 60 zuwa 70, inci 12 guda biyu masu koyil ɗaya na om 4 a rufaffen akwati mai katanga, haɗin tagwaye zuwa om 2, da amfilifaya mai aji D na wat 500 zuwa 600 a om 2, da waya lamba 4. Idan litar ba ta wuce 35 ba, guda ɗaya mai doguwar tafiya, mai koyil biyu na om 4 a haɗe zuwa om 2, a kan wannan amfilifayar dai. Bayan an gama, a sa mita a bakin wutar amfilifaya, inji a tsaye, mukayyif da fitilu a kunne, a sa waƙa mai nauyin bes. Idan bolt bai sauka ƙasa da 13 ba, aikin ya zauna. Idan yana faɗowa ƙasa da 12.5, a koma kan wayar at da batir kafin a yi maganar ƙara komai.